Yadda Sadauki Tasi'u Ya Kashe Dodo Maci-Auta

Da sunan Wanda ya halicci babba da ƙarami, ya san adadinsu bai tsallake kowa ba, muke warware wannan tarihi. A gyara zama, a rage ƙarar waya, domin za a ambaci gwarzo ɗan gwaraza, Tasi'u ɗan Malam Hudu mai gyaran rediyo, wanda bai taɓa kwance rediyo ya ɗaure ba face noti ya yi saura a tafin hannunsa. Jikan Alhaji Barau mai gyaran agogo na bakin kasuwar Malumfashi, wanda a zamaninsa garin ya rabu gida biyu a kan lokacin azahar. Tattaɓa-kunnen Tanko mai yasar rijiya, wanda aka tura shi ƙasa neman guga ɗaya ya hauro da uku, babu na mai rijiyar a ciki. Zuriya ce da aka ɗora wa lalurar gyara, ko an sa su ko ba a sa su ba, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Shi Tasi'u sunansa ya faɗi matsayinsa: na tara ne a ɗakin uwarsa, kuma shi ne auta. Masu yi masa kirari, wato shi da kansa idan yana wanka, suna cewa: Tasi'u na Ramlatu, ƙi-gudu sa maza gudu! Guguwar madannai, mai yatsa goma aikin ashirin! Bijimin da ke kallon allo har allo ya sunkuyar da kai! Da rana yana buga wa ɗalibai takardu a wani shago kusa da tasha, yana kokawa da injin kwafi mai cin takarda. Amma wannan sana'ar ciki ce kawai. Daularsa ta haƙiƙa tana cikin Gammo.

Ga wanda bai sani ba, kwamfuta ba ta jin magana sai da yarenta, kuma da irin waɗannan yaruka ne masu rubuta manhaja ke ba ta umarni. Gammo ɗaya ne daga cikinsu, sai dai shi da Hausa ake rubuta shi: ka ce mata maimaita, ta maimaita, ka ce tsaya, wani lokaci ta tsaya. Wanda ya assasa shi shi ne Malam Mu'azu, tsohon malamin lissafi, dattijo mai furfura da kwarjini, wanda da ya yi ritaya ya ƙi zaman gindin dalbejiya da tsofaffi, ya zauna ya gina yaren layi bayan layi da yatsa biyu. Daga baya 'yan sa kai suka taru a bayansa, daga Maraɗi har Yola, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu jiran aiki, ba mai biyansu ko sisi, ladansu kawai a ce musu sannu. Majalisarsu zaure ne na WhatsApp. Dukiyarsu kuwa rumbu ne a intanet inda aka adana rubutun yaren gaba ɗaya, kuma ba kowa ke zuba gyara a rumbun ba sai wanda aka ba makulli, shi ma sai wani mai makullin ya duba ya sa masa hannu.

Tasi'u ya shiga wannan runduna ne a lokacin da yake neman auren Ramlatu, 'yar Malam Mu'azu, kuma masu tarihi sun yi saɓani a kan wanne ya ja shi zuwa wanne. Ko ma dai yaya ne, ya samu matar, sannan bayan doguwar bauta ta amsa tambayoyin sababbin shiga da wanke ƙananan kurakurai, aka damƙa masa makulli. Ranar nan har wanzaminsa sai da ya ji labari. Makullin ba ƙarfe ba ne, ba a rataya shi a wuya, izini ne kawai a cikin na'ura, amma tafiyar Tasi'u ta canza, har 'yan achaɓan tasha suka ɗauka an ba shi muƙami a ƙaramar hukuma.

To, a cikin wannan daula mai albarka akwai wata tsohuwar annoba, wani aibu da ya yi kaka-gida a cikin yaren tun ba a san shi ba, wanda jama'a suka laƙaba wa suna Dodo Maci-Auta. Ɗabi'arsa ita ce: duk sa'ad da aka ce wa Gammo ya bi jerin sunaye daga na farko zuwa na ƙarshe, sai ya bi su tiryan-tiryan cikin ladabi, idan ya zo kan na ƙarshe ya yi kamar bai gan shi ba. Da yake mu mutane ne masu jera 'ya'ya daga babba zuwa ƙarami, kullum auta ne ke shiga cikin Dodo. Autan aji ba ya ganin sakamakonsa. Autar dangi ba ta samun saƙon biki, a yi ta gaba da ita a ce ta yi girman kai.

Sai ka ce ai sai a gyara. Haka duk sabon shiga ke cewa. Da zarar ya faɗa a zaure, sai manyan rundunar su yi gyaran murya, ɗaya ya ce a bar kaza cikin gashinta, wani ya turo hoton addu'ar safiya, zance ya bi ruwa. Maimakon gyara, sai suka ƙirƙiro al'ada: duk mai rubuta jeri ya ƙara sunan ƙarya a ƙarshe, yawanci Wane, domin Dodo ya ci shi ya ƙyale mutane. Suka kira shi ɗan fansa. Har a littafin koyon yaren sun rubuta shi a babi na biyu, da fuskar nan tasu ta malamai, kamar wata babbar hikima ce suka gano. Ni dai abin ya daɗe yana ba ni haushi, amma ba a tambaye ni ba.

Musabbabin yaƙi ya faru ne ranar da babban wansu Tasi'u, Yaya Lawwali, ya dawo daga aikin Hajji aka shirya walima da gasasshen rago. Ƙungiyar zumuncin gidan Malam Hudu tana da wata 'yar manhaja mai tura saƙon gayyata ga 'yan uwa, kuma Tasi'u ne ya rubuta musu ita da Gammo, ya yi ta yi musu gori a kanta. Sai dai cikin ɗoki ya manta bai sa ɗan fansa ba. Saƙo ya isa ga takwas. Na taran yana shago yana zaro takarda daga bakin injin kwafi, har la'asar, sa'ad da ya buɗe waya ya ga hotunan yayyensa, kowa bakinsa na ƙyalli da maiƙo, ga ƙasusuwan rago an tara a faranti. Da ya kira don ya yi ƙorafi, Yaya Lawwali ya ce, "To Auta, ba na'urarka ce ta tura ba? Mu mun ɗauka ƙoshi ne ya hana ka zuwa."

A nan ne jinin Tanko mai yasar rijiya ya motsa. Tasi'u ya miƙe tsaye a tsakiyar shago, ya gyara hula, ya danna wurin ɗaukar murya, ya aika wa zauren Gammo huɗubar da har yau wasu ke ajiye da ita don nishaɗi. Bayan muƙaddima mai tsawo a kan haƙƙin raunana da zaluncin da aka daɗe ana yi wa autaye, ya ɗaga murya ya ce:

"Na yi alƙawari a gaban wannan majalisa, kafin sabon zubin Gammo ya fita ranar Juma'a, sai na kashe Maci-Auta! Kuma sai na tono wanda ya haife shi, ko ɗan gidan uban waye, na faɗi sunansa a nan! A karɓe makullinsa, a mayar da shi amsa tambayoyin sababbin shiga, ya san cewa auta ma mutum ne!"

Ana ganin alamar cewa manya sun saurara. Can sai amsa ɗaya tak ta faɗo, daga Malam Mu'azu da kansa: "Madalla. Haka ake son matasa. Na amince da hukuncin." Tasi'u ya karanta wannan ya ji kansa ya taɓa silin, ya nuna wa wata ɗaliba da ta zo ɗaukar kwafi, ita kuwa ta ce masa sauri take yi.

Ɗanlami, amininsa, mai kemis a Funtuwa, wanda shi ne mai gwajin Gammo kuma mai makulli tun da daɗewa, ya kira shi nan take. "Mutumina, goge saƙon nan." Tasi'u ya ce jarumi ba ya haɗiye yawunsa. Ɗanlami ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa mai shiga motar da ba ta da birki.

Washegari da hantsi aka ɗaura ɗamara. Sadauki ya fito da makaminsa, kwamfutar nan tasa da aka ɗaure murfinta da roba, wadda batirinta ya riga mu gidan gaskiya tun bara, ba ta numfashi sai an jona ta. Ya shimfiɗa ta a kan teburin falo, ya ajiye kofin shayi a dama, ƙuli-ƙuli a hagu a matsayin guzurin runduna, ya yi bisimilla, ya danna. Masu wuta suka ɗauke wuta. Wani ƙaramin mayaƙi da nan zai juya, amma ba jikan Barau ba: ya tsallaka gidan maƙwabcinsa tela, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya har da wanda ba a haifa ba, ya dawo yana jan wayar janareta ta kan katanga kamar mai jan akuya daga kasuwa.

Daga nan ya kutsa cikin rumbu. Ya ratsa dazuzzukan rubutun da magabata suka bari ba bayani ba alama, ya haye tsaunukan dabaru da aka yi su don gobe a gyara, goben da ba ta zo ba, ya faɗa kwazazzaban da masu haƙa su suka yi aure suka bar aikin, yana tafe yana kirari, gumi na sauka ta bayan kunne. A karon farko ya far wa wani sashe da ya yi masa kama da maƙiyi, ya sare shi, sai ga Gammo gaba ɗaya ya faɗi sumamme, ko ɗaya da ɗaya ba ya iya tarawa. Sadauki ya waiga hagu da dama, ya ga ba kowa, ya mayar da abin yadda yake. Masu tarihi na kirki ba sa ambaton wannan karon, ni ma don amana ce ta sa na faɗa.

A yini na biyu, tela ya kashe janareta don zuwa ta'aziyya, aka yi sulhun dole. A na uku, bayan azahar, Allah ya kawo buɗi. A can ƙuryar wani tsohon fayil, ƙarƙashin tarin rubutu, Tasi'u ya yi ido huɗu da Dodo. Ya yi zaton zai tarar da ƙaton abu mai kawuna bakwai. Abin da ya tarar layi ɗaya ne, gajere, wanda ke ce wa mai ƙidaya ya tsaya kafin ya kai na ƙarshe, alhali kamata ya yi ya ce ya tsaya bayan ya kai. Alama ɗaya ce ta ɓace, ƙanƙanuwa, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ita ce ta raba zumunci a garuruwa, ita ce ta ci ragon Yaya Lawwali.

"Yau dubunka ta cika!" in ji Tasi'u, har ƙuli-ƙuli ya zube. "Amma kafin na yanka ka, sai ka faɗa mini ubanka!"

Rumbun yana da wani umarni da 'yan Gammo ke kira Waye-ya-taɓa. Idan ka ba shi layi, sai ya fito maka da sunan hannun ƙarshe da ya taɓa layin, ba ya jin kunya, ba ya karɓar roƙo. Tasi'u ya rubuta umarnin yana murmushin mugunta, yana hasko wani ɗan Gombe mai yawan gardama da ya daɗe yana zargi. Ya danna da ƙarfi. Suna ya fito a allo, fari tas: Mu'azu.

Abin da ya faru bayan wannan, Ramlatu ce shaida. Ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tarar da mijinta ba ya kan kujera. Ya zame ƙasa, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban tebur, kansa a sunkuye, yana fuskantar kwamfuta. Jikinsa ne ya yi masa haka ba da shawararsa ba, domin Tasi'u mutum ne da tun da aka ɗaura aure bai taɓa furta sunan surukinsa ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, idan ya hango shi a hanya sai ya sauka daga babur ya tura. A wayarsa ma Baba na Tudun Wada ya rubuta. Yau ga sunan tsirara a falonsa, kuma shi ne ya yi alƙawarin kai shi kasuwa.

"Abban Nusaiba, lafiya? Me ka yar a ƙasa?"

Ta leƙa allon, ta ga layin, ta ga sunan. Ramlatu ba ta rubuta manhaja, amma ta tashi a gidan da ake zancen Gammo a kan tuwo, kuma ta ji huɗubar mijinta, don sau uku ya kunna mata.

"Ni dai ban ga komai ba," ta ce. "Amma ka san tun da Baba ya bar aji, abin nan kaɗai ya rage masa. Da asuba shi yake fara dubawa kafin ya sha magani. Idan ka karɓe masa makulli a gaban yaran da ya koyar, ban san me zai tashi ya yi da safe ba." Ta juya za ta koma, ta ƙara da cewa, "Kuma ka tashi daga ƙasan nan, ba ganinka yake ba."

Nan fa ake yin ta. Idan ya faɗi sunan, ya tozarta dattijon da ya ba shi 'ya ya ba shi makulli. Idan ya yi shiru, ya zama abin dariya daga Maraɗi har Yola, mai kurin da ya ga Dodo ya saka wando a kai, kuma autaye su ci gaba da shiga ciki. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, har da amincewar wanda za a yanka. Na tausaya masa, wallahi, duk da shi ya jawo wa kansa.

Ya hau mota ya tafi Funtuwa. Ya tarar da Ɗanlami a bayan kanta yana ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayoyi, ya jira ta fita, sannan ya raɗa masa mugun labari kamar mai sanar da rasuwa. Ɗanlami ko gezau.

"Sai yau ka sani? Kowa ya sani, Auta. Duk wanda ka ga ya ce a bar kaza cikin gashinta, ya taɓa zuwa inda ka je ya dawo da baya. Kana tsammanin don sha'awa muke kiwon ɗan fansa?"

"Shi Baban ya sani?"

"Wa zai faɗa masa? Kai?"

Tasi'u ya zauna a kan kwalin maganin ƙarin jini, ya dafe kai. Sannan, kamar yadda ya saba faruwa ga zuriyar Barau idan an matse su, wata dabara ta faɗo masa, irin wadda mai hankali ba zai yi ba. Ya ɗago ya ce, "Waye-ya-taɓa, hannun ƙarshe kawai yake nunawa, ko?"

Ɗanlami ya dube shi ta saman tabarau. "Kada ka ce mini abin da nake zato."

"Idan na taɓa layin yau, ban gyara ba, na ɗan matsar da shi kawai, na ce share-share nake, sunan wa zai fito?"

"Naka. Amma mutumina, Dodon nan ya girmi aurenka. Ya girmi kwamfutarka. Lokacin da aka haife shi kana gyaran fitilar a-ci-bal-bal a shagon babanka. Wa zai yarda?"

"Kai dai sa hannu."

"Makullinka fa? Kai ka yanke hukuncin da bakinka."

"Na ce ka sa hannu, Ɗanlami."

Haka aka yi, a kan kantar kemis, tsakanin maganin tari da na tsutsar ciki. Sadauki ya fara matsar da layin da tazarar gurbi ɗaya, ya zuba a rumbu da sunansa, Ɗanlami ya sa hannu yana girgiza kai. Aka kira Waye-ya-taɓa, ya ce: Tasi'u. Sannan gwarzon ya naɗe hannun riga, ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa manuniya sama har ta kusa taɓa fanka, ya yi kururuwar da ta sa wani mai sayen panadol ya fasa shigowa: "Ina autayen duniya? Yau ranarku ce!" Ya sauke yatsar a kan madanni ɗaya. Alamar da ta ɓace ta koma gurbinta. Ɗanlami ya saki gwaje-gwajensa, suka bi ta kan yaren suka dawo lafiya lau. Aka zuba sunayen 'ya'yan Malam Hudu, ba ɗan fansa, na'ura ta jero su daga Lawwali har ƙasa, ga Tasi'u a ƙarshe yana zaune daram. Yaƙin da aka yi shekaru ana tsoro, bugun madanni ɗaya ne.

Ranar Alhamis da yamma ya shiga zaure ya yi bushara da mutuwar Dodo. Kafin a gama kabbara, ya turo hoton allo mai nuna layin da sunansa a gefe, ya rubuta: "Na yi alƙawarin faɗin wanda ya haife shi. Ga shi nan. Ni ne. A zartar da hukunci."

Jama'a, ban taɓa ganin zaure ya farka irin na ranar ba. Manyan nan da suka shekara suna turo addu'ar safiya, waɗanda kowannensu ya san gaskiya kamar yunwar cikinsa, suka yi caa a kansa da murnar wanda aka sauke wa kaya. Wannan ya ce dama ya daɗe yana zargin hannun yaron. Wancan ya ce abin da gaggawar ba matasa makulli ke jawowa ke nan. Ɗan Gomben nan mai gardama ya fara rubuta cewa ai kwanan watan da ke jikin hoton na shekaranjiya ne, sai aka ga saƙon ya ɓace, an ce wani babba ne ya kira shi ta gefe. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi aibun da ke babi na biyu na littafi ya zama ɗan kwana biyu.

Daga ƙarshe Malam Mu'azu ya turo murya. Ya yi ta da natsuwar malamin da ya saba tsayawa gaban allo, ya yi magana a kan sakaci, da rawar kan 'yan zamani, da yadda a lokacinsu mutum kan duba layi sau bakwai kafin ya wuce. Ya yaba wa yaron da ya amsa laifinsa, ya ce wannan alamar tarbiyya ce, amma doka doka ce ko a kan na gida. Tasi'u ya saurari wannan a tsaye, hula a hannu. Kafin magariba an karɓe makulli.

Ranar Juma'a sabon zubin Gammo ya fita, da sanarwa mai ɗauke da ayyukan rundunar. Wata malamar asibiti a Azare ta sa yaren ya ninka saurinsa wajen tara lambobi. Wani a Damagaram ya sa saƙon kuskure ya daina zagin mutum da Turanci, yanzu da Hausa yake nuna maka inda ka karkace. An sa shi yana tashi a kan ƙananan wayoyi, an rage masa cin data, an soke babi na biyu, an yi wa ɗan fansa ritaya. Can ƙasa aka rubuta: "An gyara aibun tsallake na ƙarshe a jeri, wanda sakacin Malam Tasi'u Hudu ya haifar." Ba a faɗi wanda ya gyara ba. Wannan shi ne kaɗai wurin da sunan sadaukin ya shiga tarihin Gammo, kuma a yinin nan aka gan shi a shago yana yi wa wani sabon shiga bayanin inda ake kunna kwamfuta.

A nan ya kamata mai tarihi ya goge alƙalami ya nemi gafarar masu sauraro, sai dai akwai saura kaɗan. Ranar Asabar Ramlatu ta je gaida iyayenta a Tudun Wada, ta dawo da la'asar da kwano a ɗaure cikin ɗankwali. Ta tarar da mijinta a tsakar gida yana kallon bango. Ta ajiye kwanon a gabansa, farfesun zabi ne, har da zafinsa.

"Baba ya ce a kawo maka. Ya kira ni ɗaki, ya rufe ƙofa. Ya ce in faɗa maka ya ga kwanan watan, shi ba yaro ba ne. Ya ce Allah ya yi maka albarka, yadda ka rufa masa asiri Allah ya rufa naka."

Tasi'u ya juyar da kai don kada ta ga idonsa, ya ce ai ba komai, Baba ya wuce haka a wurinsa, ko makulli goma ne zai bayar.

"Zai ji daɗin haka, don ya ce bayan Sallah zai sa a dawo maka da makullin," in ji Ramlatu, tana kwance ɗankwalin. "Ya ce akwai wani Dodon a wajen raba lamba, da wani a wajen lissafin kwanan wata, su ma nasa ne, sun daɗe suna damunsa. Ya ce hanyar nan taka ta yi kyau ƙwarai, ka bi su da ita ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka gama a karɓe makullin, a huta, a dawo maka da shi."

Tasi'u ya tsaya da cokali a hannu. "Guda nawa ne?"

"Ya ce bai gama dubawa ba."